Ledar Maradi, gulbi da teku: muhawarar ƴan zaure

Mushe Lawali:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da la'asar na gangara bakin gulbi zan duba gonar wani ɗan'uwa, abin da na gani ya tsaya mini a rai. Ruwan shekaranjiya ya kwaso sharar gari ya jibge a gaɓa. Akwai wata bagaruwa da ruwa ya kai wa rabi, kowace ƙaya da baƙar ledarta, daga nesa sai ka ce hankaki ne suka sauka. A gindinta ledojin fiya wata sun yi tabarma, ga robobin lemo, ga silifa ƙafa guda, ga tsumman gidan sauro. Wadda ƙaya ta kama ke nan. Wadda ba ta kama ba ta wuce.

Ina ta tahi? Wannan gulbin namu daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Madarunfa, ya ratsa gefen Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, shi kuma ya wuce Argungu da Birnin Kabi ya zuba a kogin Kwara. Kwara ya bi Yawuri, Lakwaja, Onica, ya ƙare a tekun Atlantika. Shekara goma sha ina zana wa ƴan lakwal wannan hanya a allo, jiya ne na fara ganinta da kaya a kanta. Ina so mu yi maganar teku, ko da mafi yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba.

Alhaji Sani Mai Buhu:
Wa alaikumus salam Mushe. Ka san ina ganin girmanka, amma bari in faɗi gaskiyata. Mu da ko gaɓar teku ba mu da ita, me ya haɗa mu da lafiyarsa? Talaka yana neman tiyar hatsi, ka ce ya yi tunanin kifin da ke Atlantika? Wannan damuwar masu ƙoshi ce. Su suka ƙera robar, su suka sayar mana, su je su share tekunsu.

Mamman Direba:
Alhaji, ni na ga tekun, kuma ba na masu ƙoshi ba ne. Shekarun da nake jan babbar mota zuwa Kwatano, idan lodi ya yi jinkiri nakan je bakin ruwa da sassafe in kalli masunta. Mutum ashirin ko fiye suna jan taru guda, suna waƙa, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Taru ya fito da nauyi, kowa ya yi murna. Aka buɗe, kifin bai cika daro biyu ba, sauran duk leda ce da roba da tsumma. Matan da suka zo sari suka tsuguna suna tsince kifi daga cikin shara kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Wallahi talakawa ne irinmu, ƙafa ba takalmi. Wani dattijo a cikinsu ya zauna a kan kwalekwale ya dafe kai, har yau ina ganin fuskarsa.

Alhaji Sani Mai Buhu:
Allah ya ba su mafita. To amma Mamman, ledar Kwatano ce ka gani. Ka ce mini ledar da aka ƙulla ƙosai a Sabon Gari ce ta yi wannan doguwar tahiya?

Nana Fasuma:
Baba Alhaji, a wannan kana da gaskiya fiye da yadda Mushe zai so, ya yi mini afuwa, malamina ne. Gulbinmu ba ya gudu sai da damina. Yawancin ledar da ya ɗauka rairayi ke binne ta, ko ta maƙale a fadama. Wadda ta tsira kuma akwai madatsar Goronyo a gabanta, sannan Kainji da Jebba a kan Kwara. Don haka kaɗan ce za ta kai teku da siffarta.

Sai dai roba ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana tana gasa ta, ta yi ƙarau, ta karye, ta zama ɓurɓushi ƙanana, wasu ido ba ya gani. Ɓurɓushin ba ruwansa da madatsa, inda ruwa ya bi nan yake bi. Wani bincike na 2017 ya sa Kwara cikin koguna goma da suka fi kai roba teku, tare da Nilu, sauran takwas ɗin a Asiya suke. Daga baya, a 2021, wani binciken ya nuna nauyin ya fi haka rarrabuwa, ya ce koguna fiye da 1000 ne ke ɗauke da kashi 80 cikin 100, kuma ƙananan kogunan biranen gaɓa sun fi laifi. Kowanne aka ɗauka, kogin da ƙasarmu ta ci sunansa yana cikin masu dakon.

Mushe Lawali:
Na karɓi gyara, ƴata. Wannan shi ne amfanin karatu.

Hajiya Habsu:
Ku dai kuna ta teku. Ni tekuna yana ɗaure a turke a tsakar gida. Jar akuyata, wadda ta haifa mini biyu-biyu har sau huɗu, yau kwana goma sha biyu ba ta cin kirki. Na ba ta dusa, ta sunsuna ta kau da kai. Na sayo harawa, ta tsinka ta bari. Ta daina tuƙa. Ciki ya kumbura ɓangaren hagu, in ka danna sai ka ji tauri kamar an cusa tsumma, amma ƙashin baya duk ya fito. Gashin nan mai sheƙi da ake yabon akuyar Maradi da shi ya tashi ya yi burtu-burtu. Maƙwabciyata ta ce sammu ne. Ni na san ba sammu ba ne, don na sha ƙwace leda a bakinta.

Haladu Mahauci:
Sannu Hajiya, Allah ya ba ta lahiya. Abin da kika kwatanta na san shi kamar yunwar cikina. Mu da ke fawa mu ne shaida. Lokacin da nake yaro ina riƙe wa mahaihina ƙafar dabba, in an farka tumbi ciyawa ce ke zubowa. Yanzu dabbar da ta yi yawon gari, da wuya ka buɗe ba ka sami leda ba. Ba guda-guda take zama ba, murɗewa take ta dunƙule da igiyar buhu da zare, ta zama curi baƙi mai wari, sai ka sa wuƙa ka yanka kamar fata. Na taɓa fidda na saniya da sai da na sa hannu biyu na ɗaga shi. Dabba tana jin ciki cike, alhali yunwa ke kashe ta.

Kuma ba wauta ke sa su ci ba. Ledar da aka ƙulla gishiri ko ƙuli-ƙuli ko ta sha man ƙosai, ƙanshin abinci take yi musu.

Nana Fasuma:
Kawu Haladu, abin da ka faɗa shi ne daidai abin da ke samun kunkurun teku. Akwai wata halitta mai laushi, garai-garai, da ke yawo cikin ruwa kamar buɗaɗɗiyar lema, ita ce abincinsa. Farar leda in ta shiga ruwa haka take komawa, sai ya haɗiye. Tsuntsayen teku ma suna ɗura wa ƴaƴansu marafan kwalba a zaton abinci ne. Ciwon akuyar Inna Habsu da na kunkurun guda ne.

Alhaji Sani Mai Buhu:
To yanzu kun zo inda nake ji. Maganar akuya magana ce, don jari ce, ita ce bankin mata. Da Mushe da ita ya fara da ban yi musu ba. Amma har yanzu ban ga abin da teku ya taɓa ba ni ba.

Garba Na Fadama:
Alhaji, ruwan da ya shayar da hatsin da ke cikin buhunanka daga ina ya zo? Ni ban yi lakwal mai zurfi ba, amma kowane manomi ya san in bazara ta yi nisa iska takan juya. Ta gabas mai ƙura ta kwanta, wata mai sanyi da laima ta taso daga kudu maso yamma. In ka ji ta a jikinka da dare sai ka fara gyaran iri.

Mushe Lawali:
Madalla Garba. Wannan iskar daga tekun Gini take tasowa. Rana ta dafa ruwan teku, tururi ya tashi, iska ta turo shi arewa har ya iso mana ya zama hadari. Damina kyautar teku ce da izinin Allah. Kuma masana sun nuna cewa farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980 yana da alaƙa da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Manyanmu a nan ba su manta 1984 ba, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, da mutane suka bar garuruwansu. Ban da wannan, kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya, wadda muke shaƙa mu rayu, ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku ne ke samar da ita.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce leda ce ke hana ruwan sama ba. Ɗumamar teku daban, sharar roba daban. Amma uwarsu ɗaya, don daga man fetur da gas ake yin roba, kuma yin ta da ƙona ta suna ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Rakiya Mai Koko:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma na ga inda maganar za ta, ƙarshenta a ce a hana leda, mu ne kuma za mu sha. Ni da asuba nake fita da koko da ƙosai. Mai kabu-kabu ya tsaya ya ce a ba shi koko na dala ashirin, ba ya da kwano, ba ya da lokaci. In ce ba leda? Ya wuce wajen ta gabana. Na taɓa gwadawa na sayi kofuna goma sha biyu, cikin wata guda saura biyar. Ga ruwan wankin su, shi ma saye nake. Da ribar nan nake ciyar da yara huɗu, ubansu ya rasu. Duk mai son in bar leda ya faɗa mini abin da zan zuba a ciki, kuma wa zai biya.

Hajiya Habsu:
Rakiya ƴata, ba wanda zai ga laihinki. Amma ni na girme ki, na ga zamanin da ba leda kuma an sayar da koko. Kowa da kwanonsa yake zuwa. Yarinya in za a aike ta kasuwa da kwando ko ƙwarya take tahiya. Nama a takarda ake naɗewa, goro a ganye, mai a kwalba. Matan ƙauye suna saƙa sanho da faifai da kaba, suna samun na cefane. Ba talauci ne ya kawo leda ba, sauƙi ne. Yanzu mutum zai sayi ashana guda ya tsaya jiran a sa masa a leda.

Rakiya Mai Koko:
Haka ne Inna. To a fara da masu saye. Wanda ya zo da kwanonsa ni zan ƙara masa ludayi guda, don ya rage mini kuɗin leda. Wannan na iya.

Sa'adatu Ta Likita:
Rakiya, ki riƙe wannan alkawari, don koko mai zafi cikin leda ba alheri ba ne ga mai sha. Zafi da maiƙo suna sa sinadaran roba su fita su shiga abinci. Haka masu dafa tuwo ko alala a ƙulle cikin leda. Mafi muni kuma masu hura wuta da ita. Na san itace jiƙaƙƙe da damina yana da wuyar kamawa, amma hayaƙin nan guba ne, kuma mace tana durƙushe a kansa da goyo a baya.

Sai dai ina da ja a kan fiya wata. Na yi aiki lokacin kwalarar 2018 da ta fara daga yankin Madarunfa, na ga yadda mutum ke zubewa cikin yini guda. Ruwan leda na dala biyar, in na kirki ne, ya fi ruwan da ake tsoma moɗa guda kowa ya sha. Kada mu kori ledar ruwa kafin famfo ya isa ko'ina. A nemi yadda za a tattara ta bayan an sha.

Malam Isuhu:
Allah ya yi muku albarka. Tun ɗazu ayar nan ta 41 a Suratur Rum ke yi mini yawo a zuciya, inda Allah yake cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Tudu da teku aka haɗa, ba a raba ba. Kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Mu malamai muna da gyara a nan. Ranar sadakar suna ko walima a ƙofar masallaci, a raba abinci a leda, a sha ruwa a leda, a shafa fatiha a watse, a bar wurin sai iska ta share. Insha Allahu zan yi maganar a karatun daren Alhamis.

Alhaji Sani Mai Buhu:
Malam ya yi magana, ba ni da ta cewa a kan aya. Amma ina gwamnati? Ai na ji an ce akwai doka.

Mushe Lawali:
Akwai, Alhaji. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da irin wannan siririyar leda a Nijar. Ka shiga babbar kasuwa gobe ka ga ko dokar ta iso. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma su sun bi da hukunci. Mu kuwa iyakarmu da Nijeriya doguwa ce, abin da aka hana ta Ɗan Isa zai shigo ta daji a bayan babur. In ba a yi abin tare da maƙwabta ba, kuma ba a kawo madadin mai araha ba, takarda ce kawai.

Nana Fasuma:
Kuma Baba Alhaji, maganarka ta farko cewa masu ƙerawa su ɗauki nauyi, ita ce ake ta faɗa a kai a duniya. A 2019 an ƙera roba kusan tan miliyan 460, kuma cikin sharar roba kashi 9 cikin 100 kacal ake sake sarrafawa. An ƙiyasta cewa a 2010 kaɗai tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 ya shiga teku. A tekun Fasifik akwai inda igiyar ruwa ke tara shara, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, ya fi duk ƙasar Nijar. A Maris 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa. Aka zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, aka tashi ba a daidaita ba. Aka koma Janeba a Agusta 2025, nan ma haka. Abin da ya raba su shi ne ko a rage yawan robar da ake ƙerawa tun daga tushe. Ƙasashe da dama, har da na Afirka, suna son a rage, manyan masu man fetur suna cewa a tsaya ga kwashe shara.

Ni wannan ne ke ƙona mini rai. Ana buɗe famfo ana cika ɗaki, ana miƙa wa Yaya Rakiya tsumma ta goge.

Mamman Direba:
Kuma abin yana dawo mana ta baki. Kifin ƙanƙara da ake soyawa a tasha daga ina yake? Ni na sha ɗauko shi a kwali daga bakin teku. Gishirin leda ma da yawansa na teku ne.

Nana Fasuma:
Haka ne. An sami ɓurɓushin roba a cikin kifi da gishirin teku a ƙasashe da yawa. A 2022 masu bincike a Holan sun gwada jinin mutum 22, suka same shi a jinin 17.

Garba Na Fadama:
Ni ba sai an gwada jinina ba, gonata ta ishe ni shaida. Da, in aka kawo maka amalanken shara daga gari murna kake, taki ne, toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Yanzu sai ka biya yara su tsince leda kahin ka watsa, kuma ba ta ƙarewa. Ka kai hauya ka ji ta ja. Inda leda ta kwanta ƙarƙashin ƙasa ruwa ba ya shiga, saiwa ta iske ta ta lanƙwashe, tumatir ya tsaya bai yi gaba ba. Wani masunci abokina a tafkin Madarunfa shi ma kukan da yake ke nan da komarsa.

Kuma ku tuna ambaliyar 2024. Ruwan ya yi yawa, wannan daga Allah ne. Amma a unguwarmu magudanar a toshe take da leda da rairayi tun kahin hadari ya haɗu. Ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakuna. Garin nan ma ai ambaliyar 1945 ce ta taso shi daga kwari ya hau tudu. Mun san abin da ruwa ke yi in an tare masa hanya.

Alhaji Sani Mai Buhu:
Shi ke nan, na sauko rabi. Teku dai har yanzu ya yi mini nisa, amma magudanar ƙofar shagona ba ta yi ba. In za a fita ranar Asabar ni zan ba da buhu hamsin da kuɗin amalanke biyu. Tambayata guda: in mun tara, ina za mu kai? In aka zuba bayan gari iska ta maido mana, ko yara su cinna wuta, aikin banza muka yi.

Mushe Lawali:
Tambayar ke nan da ba ni da cikakkiyar amsarta. Robobi masu tauri da kwalaben lemo akwai masu saye. Ledar fiya wata akan wanke a ɗinka jaka, akan kuma narka leda da rairayi a yi tubalin daɓe. Baƙar siririyar ce ba mai so. Gobe zan je ma'aikatar magajin gari in tambayi inda za su yarda mu kai, in kuma za su ba mu mota. Abin da suka ce zan kawo muku nan yadda yake.

Haladu Mahauci:
Hajiya Habsu, in kin yarda zan biyo da sahe in duba akuyar. In da sauran ƙarhi a kai ta wajen likitan dabbobi, suna farka ciki su fidda. In ta yi nisa gara a yanka kada ta tahi a banza.

Hajiya Habsu:
Jama'a, barkanku da yamma. Haladu ya zo, Allah ya saka masa. Ta riga ta kasa tashi, sai muka yanka. Ya kira ni in gani da idona, na je na tsaya. Curin ya cika ƙaramin daro. Ya warware shi da sanda, baƙar leda ce ta fi yawa, sai igiyar buhu, sai ledar fiya wata. A tsakiya akwai wata mai ruwan ɗorawa da zanen zakara, ta sinadarin miya. Na gane ta. Irin wadda nake saye ce, kuma ni nake jefa ta bayan murhu in na juye.

Ƴaƴanta biyu suna nan, ɗan wata uku-uku. Na aiki jikana ya sayo raga, gobe za mu kewaye musu gefen rumbu. Mushe, ka sa sunana cikin masu fita Asabar, zan zo da tsintsiya da manjagara.